Dikodar da Na Sayar wa Mutumin Gadaka

Edita, ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri da hannuna. Aji uku na yi a firamare aka sallame ni, ba don kaina ba ya ja ba, sai don na saka wa malamin lissafi ƙadangare a aljihu. Ragowar karatun a jikin manyan motoci na tsince shi. Hausa ina karantawa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, lambobi kuwa ko a mafarki ba sa ɓace mini, amma Turanci ni da shi sai gaisuwa daga nesa. A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne a karar Potiskum, gemu ya riga ya yi fari amma baki bai tsufa ba. Kakana Bakano ne, fatauci ya kawo shi ya zauna, ni a nan unguwar Dogo Tebo aka yanke mini cibiya. A kara ba a kirana da sunan yanka, Kaska ake ce mini, wai raɓi mai jini, kuma ina amsawa da fara'a. Ina jin Fulatanci daidai na yaudarar mai saniya, ina jin Barbarci daidai na zagin mai saye yana dariya. Sana'armu kowa ya san ta: la'ada daga mai sayarwa, la'ada daga mai saye, sannan akwai 'yar ɗoriyar da ke tsakani wadda ba ta shiga kunnen kowa. Wanda ya tsufa a wannan aiki wata cuta ce ke kama shi, ya daina yarda akwai mutumin da zai riƙe kuɗin wani bai lashi yatsa ba. Wannan cutar ce ta cinye mini gida.

Matata 'yar Ngizim ce, daga Yindiski na auro ta tun ina da baƙin gashi. Na auri wasu a bayanta, duk bakina ya kore su, ita kaɗai ta iya zama. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, tana aure a Bauchi. Matar nan ita ce uwar adashin matan layinmu da na bayanmu, masu ƙosai da masu ɗinki da matan ma'aikata, har da matan coci, duk a hannunta suke zubi, ba takarda ba shaida, sunanta kawai. Shi ya sa nake tsokanarta da Manaja. In na shigo sai in ce Manaja a ba mu rance, ita kuma ta ce bankinta ba ya hulɗa da dillalai. Da aka matsa mana a kara sai kowa ya buɗe asusu saboda mutanen Kudu sun daina yawo da kuɗi a buhu, na buɗe, aka ba ni kati. Ni ba na son layi, ba na son ƙofar bankin nan mai yi wa mutum tsawa ya ajiye makullansa, don haka na danƙa mata katin, ita ke zuwa wurin mai na'urar cire kuɗi na bakin titi ta ciro na cefane, ta biya kuɗin wuta, ta sallami mai ruwa. Waya kuwa tana aljihuna, duk abin da ya fita sai ta yi ƙara in duba lamba. Haka muke, lafiya lau.

Tsokana ce ta fara jawo komai. Ina son kallon kokawar Turawa, waɗannan ƙattin masu dukan juna da kujera, kuma akwai wani gidan kallo a unguwarmu da nake zuwa. Ba na zama shiru. Wanda duk gwaninsa ya sha ƙasa sai na bi shi da waƙa har ƙofar gida. Ran nan na matsa wa ƙanin mai gidan kallon har ya yi kuka, sai mai gidan ya kashe talabijin, ya ce a gaban kowa tsoho da ni ba na jin kunya, in fita, kuma ko da kuɗina kada in sake zuwa. Na fita ana yi mini ihu. Washegari na rantse sai na rufe masa sana'a. Na tafi shagon wani Inyamuri a cikin kasuwa, mutumin kirki, ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, na ce a ba ni dish da dikoda, irin mai tashoshi da yawa, mafi tsada. Ranar na karɓi katin daga hannun Manaja da sunan zan biya wani Bafulatani. Mai shagon ya karɓi katin yana danne-danne a wayarsa, sai ya ɗago ya yi mini wata tambaya da Turanci, don na shigo masa da gilashi a ido da jarida a hammata kamar wani tsohon darakta. Akwai mutane a shagon. Na gyara gilashin na ce yes yes, no problem. Ya sake tambaya, na ce masa ai na ce no problem. Ya danna. Wallahi ko a lahira aka tambaye ni abin da ya ce a lokacin, ban sani ba.

Na mayar wa Manaja katin, na kafa talabijin a ƙofar gida, na sa janareta, na ce kallo kyauta sadakar Kaska. Gidan kallon nan ya koma kamar maƙabarta, ni kuwa ina wucewa ta gabansa ina tambayarsa ko zai sayar da bencina. Amma daɗin bai daɗe ba. Man janareta yana cin kuɗi, jama'a sun hana Manaja barcin rana, an karya mini kujera, an ɗauke mini buta. Kafin wata ya cika na gaji. Sai Allah ya kawo wani manomi daga Gadaka, ya kawo bijimi na sayar masa, kuɗi na zafi a aljihunsa, ya tsaya a ƙofata yana kallon ƙattin nan baki buɗe. Na ja shi gefe na ce masa wannan dikodar ba irin ta kowa ba ce, ta musamman ce, wani babban soja ya kawo mini daga waje, ba a biya mata kuɗin wata, har abada ba ta yankewa. Ya ce don Allah? Na ce in ya ga ta yanke ya zo ya tofa mini yawu a gemu. Ya saya da tsadar da ta fi yadda na saya, ya ɗaure a bayan mota yana sa mini albarka. Na shiga gida ina dariya har ina riƙe ciki, na ce wa Manaja nan da sati biyu wani zai ga duhu a Gadaka. Ta ce in ji tsoron Allah, Malam, wata rana bakin nan zai kai ni inda ƙafa ba za ta iya dawo da ni ba. Na ce mata ta riƙe wa'azinta, ranar Juma'a zan aiko a karɓa.

Masu karatu na san kun riga kun hango inda aka dosa. Ni ban hango ba. Bayan 'yan makonni waya ta yi ƙara, na duba, kuɗi sun fita, kimanin abin da zai sayi ɗan akuya. Na tambayi Manaja ko ta ciri wani abu, ta ce rabonta da mai na'ura tun shekaranjiya. Na ce to, wataƙila banki ne da halinsu. Wata na gaba, sai ga shi kuma, lamba iri ɗaya. Na uku ma haka. A saman lambar akwai rubutun Turanci, gajeru gajeru, amma ni lambar kawai nake gani. A daidai lokacin kuma kuɗin wuta ya riƙa hawa, alhali wutar sai ta yi kwanaki ba ta leƙo mu ba. Manaja takan kawo mini takardar ta ce in duba, abin nan ya yi yawa, a je a yi magana. Ni kuwa sai in naɗe goro da ita, a raina ina cewa ai ga ɗoriya nan, irin tamu. Ta ce in kai wayar wurin maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Filato, ta karanta mana saƙon. Na ƙi. Ta ce to mu je banki tare. Na ƙi. Dalilin da ban faɗa mata ba shi ne, a ƙasan kowane saƙo ana rubuta abin da ya rage a asusu. Ni kuma shekara da shekaru ina kukan babu, a gida da waje. Dillali ba ya nuna cikin aljihunsa. In malamar nan ta gani, gobe duk layi ya san Kaska na da abin da zai sayi shanu ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma Manaja za ta san cewa duk ranar da na ce ba ni da kuɗin maganin hawan jininta, ƙarya nake. Na gwammace in zargi mutum da in bari a karanta mini layi biyu.

Da farko da wasa na fara. In ta kawo abinci sai in ce wannan miyar ta ɗan akuyan wannan watan ce ko ta wancan? In ta yi sabon ɗankwali sai in ce Allah ya sanya alheri, katina ya iya zaɓen kaya. Tana dariya, sannan ta daina. Ran nan ta ajiye mini katin a kan tabarma ta ce in riƙe kayana. Na tura mata na ce a'a, ɓarawo ba ya ajiye aiki sai an sallame shi. Ta dube ni ta ce, Malam, ɓarauniya ka ce? Na ce ni ban ce ba, waya ce ta ce. Maganar ta fita waje, don ni na fitar da ita, a majalisa, da gishiri da yaji, yadda ake ba da labarin da ake so a yi dariya. Yayanta ya zo daga Yindiski, dattijo mai sanyin magana, ya ce in faɗi nawa ne ya biya, a rufe maganar. Da na karɓa da an wuce wurin. Sai na ce ni ba kuɗi nake so ba, gaskiya nake so, in ba ta ɗauka ba ta dafa Alƙur'ani.

Ku da kuke nan arewa kun san nauyin wannan kalma. Ba a kai mutum ga rantsuwa sai an gama da shi, ko ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya, zumunci ya mutu a wurin. Da hantsi aka taru a zauren mai unguwa. Mata sun cika katanga, masu Keke Napep sun ajiye haya sun zo kallo, har mai gidan kallon da na kashe wa kasuwa yana gaba gaba. Liman ya roƙe ni, ya ce matar da ta wanke mini riga tun ina saurayi ba a yi mata haka, in bar wa Allah, shi zai biya daga aljihunsa. Na ce Allah gafarta Malam, aljihunka da na sani ban da carbi da ɓarin goro me ke ciki? Aka fashe da dariya. Edita, dariyar nan ita ce giyata, in na ji ta ba na ganin gabana. Mai unguwa ya tambaye ta ko za ta rantse. Ta ce a ba ta buta. Ta yi alwala a gaban mutane, ta shigo, ta dafa, ta ce in ta taɓa ɗaukar ko kwabo na mijinta ba da saninsa ba, kada Allah ya nuna mata alheri duniya da lahira. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro katin, ta ajiye a gaban liman, ba a gabana ba. Daga nan ba ta koma gidana ba, ko mayafi na biyu ba ta ɗauka ba, ta shiga Keke da yayanta suka tafi Yindiski. Na ce wa mutanen wurin su lura, mai gaskiya ba ya gudu.

Kati ya dawo aljihuna, na ɗinke shi a cikin 'yar shara. Wata ya zagayo, waya ta yi ƙara, ɗan akuya ya sake fita. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na je wurin mai na'ura na tambaye shi, a kaikaice, ko mutum zai iya cire kuɗi ba kati a hannunsa. Ya ce sosai ma, in ya haddace lambobin da ke jiki. Ya miƙo hannu ya ce in kawo wayar ya duba mini, na ce ba ni ba ne, wani abokina ne. Na fito ina murna kamar an yi mini bushara. Matar da ke riƙe lissafin adashin mata sama da talatin a ka, lambar kati za ta gagare ta? Kafin la'asar na gama raba wannan a kara da majalisa: ta rantse, kuma ba ta daina ba.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba, amma ni na kunna. Matan adashi suka tsorata. Waɗanda suka riga suka kwashi nasu suka ce ba za su ci gaba da zubi a hannun ɓarauniya ba. Waɗanda ba a zo kansu ba suka ɗunguma Yindiski suna neman abin da suka zuba, suna tsaye a ƙofar gidan yayanta suna ɗaga murya. Kuɗin da ke hannun wasu ita aka ce ta biya. Ta sayar da awakinta, ta sayar da 'yan kunnen da uwarta ta bar mata, ta aiko aka kwashe gadonta da kwanukanta daga ɗakina aka kai kasuwa, ta biya kowa har ta ƙarshe. Yayanta ya aiko mini cewa maganinta ya ƙare, ko zan taimaka, tunda har yanzu da aurena a kanta. Na ce a gaya mata ta cira a inda ta saba cira. 'Yarmu ta kira ni daga Bauchi tana kuka, ta ce Baba ka ji tsoron Allah, na ce ita ma ko an ba ta kaso ne. Tun ranar ba ta sake kirana ba.

Ana cikin damina labari ya zo cewa ta faɗi a tsakar gida tana shanya, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne da rashin shan magani da damuwa. Unguwa ta ce rantsuwa ce ta ci ta. Wa ya fara faɗa? Ni. Kuma ban tsaya nan ba. A majalisa, bayan sallar la'asar, na karkace bakina, na langaɓe hannu, na ja ƙafa, na nuna musu yadda Manaja za ta je banki yanzu. Wasu suka yi dariya. Wani tsohon Bafulatani da muka yi shekaru muna ciniki, wanda na cuta ba sau ɗaya ba yana haƙuri, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce shi ya ga kura ta ci ɗan maraƙi, amma bai taɓa ganin ta tsaya tana kwaikwayon kukansa ba. Ya tafi, bai sake kawo mini ko tunkiya ba. Na ce a bar shi, Fulani ba su san wasa ba. Na rubuta wannan ne don kada wani ya ce tsautsayi ne ya same ni. Ba tsautsayi ba ne, hali ne.

Duk wannan lokacin akwai mutum ɗaya da nake gudu, mutumin Gadaka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na hango shi a kara ya fi sau ɗaya yana ɗaga mini hannu, ni kuwa in sunkuya in bi ta tsakanin shanu, har wata rana saniya ta taka mini ƙafa na yi sati ina ɗingishi. Gab da Babbar Sallah, kara ta cika, ana lodin tireloli, ya ritsa ni tsakanin mota da katanga. Na fara shirya ƙaryar cewa sojan ne ya cuce mu duka. Sai mutumin nan ya rungume ni. Ya ce ya daɗe yana nemana, ya kawo mini rabin buhun gyaɗa da zabi biyu suna cikin mota. Ya ce shi bai taɓa ganin dillali mai gaskiya irina ba, dikodar nan ko sau ɗaya ba ta yanke ba. Ya kafa rumfa, ya sa bencina, yanzu shi ne mai gidan kallo a unguwarsu, har ya sayi babur da kuɗin. Na saki baki. Ya ce wani ma'aikacin asibiti a garinsu ya yi masa gardama, wai babu dikodar da ba a biya, dole akwai wanda ke biya a wani wuri bai sani ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce to ko wane ne wannan, jaki ne mai kunnuwa huɗu, Allah ya ƙara masa arziki ya rage masa hankali. Shi ma yana dariya, ya ce abin mamaki, duk ƙarshen wata sai rubutu ya fito a talabijin kamar za ta yanke, washegari sai ya ɓace da kansa. Na ce ƙarshen wata? Ya ce daidai lokacin da ma'aikata ke ɗaukar albashi. Nan take dariyar ta ɗauke, don a daidai lokacin ne wayata ke ƙara.

Ban ɗauki gyaɗar ba sai da ya biyo ni da ita. Na tafi shagon Inyamurin nan ba gilashi ba jarida, na miƙa masa wayar da hannu biyu, abin da na ƙi yi wa matata. Bai yi minti ɗaya ba ya ce ai ga shi a rubuce, sunan kamfanin talabijin ne, a kowane saƙo, tun na farko. Ya ce ranar da na saya ya tambaye ni ko ina so kati ya riƙa biya da kansa duk wata, har sau biyu, na ce no problem. Ya ce shi ma ya ji labarin matar da rantsuwa ta ci, har matarsa tana cikin adashin, bai taɓa kawowa ni ne mijin ba. Ya dube ni ya ce, Baba, kai ne ɓarawo na kanka. Ya danna wani abu da babban yatsa, ya ce shi ke nan, ya tsaya. Da yatsa ɗaya. Takardun wutar ma da na kai wa malamar makaranta daga baya, ta ce kuɗin kintace ne suke rubuto wa duk layin, kowa ya je ya yi ƙorafi an rage masa, ni kaɗai ban je ba. Manaja ko sisi ba ta ɗora ba.

Na je wurin mai unguwa na ce a tara mutane kamar yadda aka tara, zan wanke ta. Ya aika. Ranar da na tozarta ta har kan katanga an hau, ranar wankewa liman ne da mai unguwa da wasu tsofaffi da dama can a zauren suke kwana. Na bi majalisa majalisa ina faɗa, na tsaya a kara na faɗa. Sai aka riƙa dariya, wai Kaska ya zo da sabo, wai dikodar soja. Wasu suka ce tausayi ne ya kama ni nake rufa mata asiri. Wata daga cikin matan adashin ta ce mini in ba ta ci ba, me ya karkatar da bakin? Na yi rantsuwa, aka ce rantsuwar dillali ai kamar tusa ce a kasuwa. Shekara da shekaru ina ƙarya ana yarda, ranar da na zo da gaskiya ba mai saye.

Sai da na yi kwanaki kafin na iya zuwa Yindiski. Yayanta ya bar ni a tsaye a rana, sannan ya ce in shigo. Tana kwance a tabarma a ɗakin da ko labule babu, ta rame, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Na durƙusa na faɗi komai, dish, dikoda, yes yes, mutumin Gadaka, har abin da ke cikin asusun na faɗa, da kwaikwayon da na yi a majalisa, don na san an kai mata. Na ce ta yafe mini, ta dawo ɗakinta, zan kai ta asibitin duk da ake so. Sannan ta yi magana, a hankali, da rabin baki, ban gane ko kalma ɗaya ba. Yayanta ya ce tun da ta faɗi, Hausa ta gudu daga bakinta, sai harshen da ta sha a nono. Ni da na koyi Fulatanci saboda saniya, na koyi Barbarci saboda la'ada, na zauna da mace tun ƙuruciya ban koyi ko sannu da harshenta ba. Na ce don Allah me ta ce. Ya ce ai ni ba na son a karanta mini saƙo. Na ce yau ina so. Ya ce cewa ta yi, a tambaye ka, yanzu kuɗin naka sun cika? Ta juya fuska ga bango. Na ƙara magana, ba ta sake juyowa ba.

Har yau tana can. Ina aika magani, yayanta yana karɓa don ba shi da yadda zai yi, amma ya ce kada in ɗauka saye nake. Ina zuwa duk Juma'a in zauna a ƙofar ɗakin, wani lokaci a ce tana barci alhali ina jin tarinta. Gyaɗar mutumin Gadaka tana nan a ɗakin da gadonta yake a da, ɓeraye na ci, na kasa ci na kasa zubarwa. Shi kuwa da dikodarsa ta yanke ya zo har gida ya tuna mini alkawari, na miƙa masa gemu, ya duba ya ce ya fasa, yawunsa ya fi ƙarfin wurin.

Abin da nake so in ce wa 'yan uwana, musamman tsofaffi irina da aka ɗora mana kati da waya bayan mun tsufa, shi ne, kuɗi yanzu suna da ƙafa, suna fita ba hannun kowa. In waya ta yi ƙara, kada ka tsaya a lamba, ka sa a karanta maka rubutun da ke kai, ranar, ba wata mai zuwa ba. In takardar wuta ko ta ruwa ta zo da abin da ba ka gane ba, ka tafi ofishinsu ka yi tambaya, ba a kashe mutum don ya ce bai iya ba. In mai shago ya riƙe katinka ya tambaye ka wani abu da Turanci, ka ce ya faɗa da Hausa, ko da duk kasuwa na kallonka. In ka sayar da wani abu da ka taɓa biya wa kuɗi da kati, ka tabbata an cire sunanka daga jikinsa. Kuma kafin ka nuna wani da yatsa a cikin gidanka, ka fara lissafa wautar da kai ka yi a waje. Ni na ji kunyar mutum ɗaya ya ga abin da ke asusuna, yau duk Potiskum ta ga abin da ke cikina. Kuɗin suna nan, sun cika, Edita, ko kwabo ba ya fita. In waya ta yi shiru a ƙarshen wata, tambayar Manaja nake ji.